Gyaran da na yi wa takalmin Kulu

Abin da ba zan taɓa mantawa da shi ba shi ne ranar da na miƙe tsaye a barandar asibiti, gaban jama'a, na amsa laifina da bakina ina murmushi, don na ɗauka yabo za a yi mini.

Ni shumeka ne a Ƙauran Namoda, rumfata tana bakin kasuwa. Lokacin jiharmu ba ta daɗe da samuwa ba, ana cikin ɗokin shari'a. Ɗiyata ta fari (ba na kama sunanta, ku yi mini uzuri) tana aure a wani ƙauye gaba da Zurmi, ta zo gida haihuwa. Ta sami ɗiya mace, aka sa mata Hauwa'u, muna ce mata Kulu. Sai dai ƙafafun yarinyar duka biyu a lanƙwashe suka zo, tafin wannan yana kallon tafin wancan.

A babban asibiti a Gusau aka riƙa naɗe ƙafafun da filasta, wannan da muke ce wa siminti, tun daga yatsu har cinya, duk mako a fasa a sake. Uwarta ta sha wuya ƙwarai. Arba'in ya wuce tana wurinmu, don Ƙaura ta fi kusa da Gusau. Da ƙafafun suka miƙe sai aka cire simintin aka ba su takalmi, aka ja mata kunne: in ba a sa shi yadda aka nuna ba, ƙafar za ta koma yadda take, a koma siminti, ko ma a kai ga tiyata.

To, a nan na shigo.

Da na ga takalmin sai da na riƙe baki. 'Yan takalma biyu ne an kafa su a kan sandar ƙarfe, kowanne ya juya waje, ɗaya yana kallon gabas ɗaya yamma. Ga maɗauri uku a kowanne, an tamke su tamau. Yarinya sai kuka take, tana ɗaga ƙafafun tare tana bugawa a katifa. Ni kuwa tun ina saurayi nake takalmi, kuma abu biyu na sani: takalmi gaba yake kallo, kuma na yaro ana bar masa fili. Na ce a raina, waɗannan mutane sun san allura, amma takalmi ba fanninsu ba ne.

Da hantsi, uwarta ta cire mata shi za ta yi mata wanka, na lallaɓa na ɗauke. Na sa sifana na kwance notin da ke ƙasa, na juyo takalman suka kalli gaba kamar na kowa. Na huda sababbin ramuka a maɗauran don su yi sako-sako. Na shimfiɗa auduga a ciki. (Har ɗan goge shi na yi, don aikin da ya bi ta hannuna ba ya fita da datti.)

Ɗiyata ta juya shi a hannunta ta ce, "Baba, sun ce hwa kar a taɓa."

Na ce, "Su nawa sunka taɓa ɗinka takalmi cikinsu? Sa mata ki gani."

Ta sunkuyar da kai ta sa mata. Yarinya ta yi shiru. Wallahi ranar ji na yi kamar in bi layi ina shela. Bayan kwana kaɗan diddigen hagu ya yi ja, ya tashi bororo. Nan ma ban rasa dabara ba, na ce a shafa man kaɗanya, a ƙara auduga. Haka muka yi mako uku har ranar komawa ta zo, na ce da ni za a je.

Na sa babbar rigata, na jefa abin huda fata a aljihu. A asibitin mata suna ciki, mu maza muna kan benci a baranda. Kusa da ni wani bawan Allah ne daga Shinkafi, mai sayar da awaki, riƙe da irin takalmin nan na ɗansa, an cire ana duba yaron. Ya ce yaron ya hana su sakat da kuka. Ai kuwa na gyara zama. Na yi masa bayani tun daga noti har auduga, mutanen benci suka matso suna gyaɗa kai. Ya ɗora mini takalmin a cinya ya ce, "Don Allah Malam, taimaka muna." Na riga na ciro abin hudawa, sai ga wata nas ta fito, dattijuwa mai farin hijabi, ta ɗaga takalmin Kulu sama.

"Wane ne kakan Hauwa'u? An ce shi ya yi wannan aikin."

Na ajiye takalmin mutumin a benci, na miƙe, na gyara riga, na ce, "Ni ne, Hajiya. Sana'ata ce."

Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. A hankali ta yi wa duk mutanen barandar bayani, da takalmin a hannunta kamar mai koyar da darasi. Ta ce juyawar nan waje ita ce maganin, ita ke hana ƙafa komawa ciki. Maɗauri kuma tamke shi ake, na tsakiya da farko, har diddige ya zauna daram. Ta nuna wani ɗan rami a bayan takalmin, wanda na ɗauka na shan iska ne, ta ce ta nan ake leƙawa a ga ko diddigen ya sauka. In ya yi sako-sako ƙafa zamewa take tana gogawa, shi ne bororon. Man kaɗanya kuma ƙara santsi yake. Safa mai laushi, marar tattara, ita kaɗai ake sawa. Kukan kuwa na 'yan kwanaki ne, kafin yaro ya saba motsa ƙafafun tare.

"Shirun da ta yi muku, Baba, ƙafar ce ta sami hanyar komawa. Ta hagu ta fara lanƙwashewa. Yau za mu mayar da ita siminti."

Ina tsaye na ji ana jan wani abu daga bencin da na tashi. Mutumin Shinkafi ne yake janye takalmin ɗansa sannu a hankali, ya cusa shi cikin riga, bai kalle ni ba.

A motar komawa ni ina gaba, ɗiyata tana baya cikin mata. Da muka sauka a Ƙaura na jira ta ce wani abu, ko da "ai na faɗa" ne. Sai miƙo mini yarinyar kawai ta yi ta ce, "Baba, riƙa mini ita, hannuna ya gaji." Na karɓa. Simintin bai gama bushewa ba, sanyinsa ya ratsa rigata. Haka na ɗauke ta har gida, kunya da baƙin ciki sun hana ni amsa gaisuwar mutane.

Mako uku ta ƙara a siminti saboda ni. Da aka mayar da ita takalmi, ni na roƙa a bar mini ɗaurin safe. Ina tamkewa tana tsala kuka, ina leƙa ramin nan, ina ba ta haƙuri, ban sassauta ko rami ɗaya ba. A nan na koyi cewa ba duk abin da aka yi da fata da zare ne ya shiga sana'ata ba.

Kulu ta girma, tana tafiyarta lafiya, har gudu. Amma duk sanda ta kawo mini takalminta gyara, na hagu nake fara kifawa. Gefensa na waje ya fi saurin cinyewa kaɗan. Likita ya ce ba komai ba ne, wasu haka suke. Ni dai ban taɓa tambayarsa ko aikina ne ba.