Jirgin Mista Gilbert Ba Ya Tashi Sai Ya Cika

Duk wanda ya ce ya zauna a Kafanchan a shekarar 1996 amma bai san Mista Gilbert ba, to wucewa kawai ya yi. Mutum ne da Allah Ya hore wa ilmin sufuri tun daga gashin kai har farcen ƙafa. Shi da bakinsa ya faɗa, kuma ban ga abin da zai sa mu ƙaryata dattijo mai laƙabi uku ba. A coci Elda ne, a unguwa Injiniya, a teburin mai shayi kuwa Kwantirola Janar. Mahassada suna cewa huda tikiti kawai ya yi a jirgin ƙasa shekara ashirin da shida, da ya yi ritaya kuma ya koma tashar mota yana rubuta wanda ke kan layin lodi. Shi dai ya ce duk sunansa gudanarwa.

A shekarar nan surukinsa ya aiko masa da tsohuwar kwamfuta daga Legas. A cikinta akwai wani wasa: a ba ka ƙasa da garuruwanta, ka shimfiɗa layin dogo, ka gina tasha, ka sayi jirage, ka yi ta kwasar fasinja da kaya. Mista Gilbert ya hana a kira shi wasa a gidansa. Ya ce simuleshan ne, kuma da shi Turawa suke gwada ƙwaƙwalwar manya. Ya canza sunayen garuruwan kaf, ga Godogodo, ga Kachia, ga Fadan Kagoma. Babban birnin kuwa, saboda tsabar tawali'u, bai sa masa cikakken sunansa ba, Gilbert Siti kawai ya kira shi.

Ana cikin haka Ƙungiyar Alheri ta manoman citta ta sayi manyan motoci biyu, aka ce ana neman manajan da zai riƙa tsara jigilarsu. Mutum biyu suka fito. Akwai Madam Edna, wadda ta yi shekara ashirin tana bin bayan mota da buhunan citta zuwa kasuwar Kachia. Akwai kuma Kwantirola, wanda ya riga ya tashi a coci ya yi godiya ga Ubangiji saboda muƙamin, tun ba a ba shi ba. Ya gayyaci kwamitin ƙungiyar gidansa ran Asabar, su zo su ga yadda mutum ɗaya yake juya jirage goma sha biyu da yatsa guda.

Matsala ƙarama ce kawai. Jiragen sun daina tafiya.

Kwana tara suna tsaye, sun yi jerin gwano a bayan tashar Godogodo, ko motsi babu. Kwantirola ya shiga bincike irin na masana. Da farko ya hure madannan kwamfutar da baki. Ya ɗaga kwamfutar ya sa mata tubali a ƙasa don ta sha iska. Ya zargi matarsa Lucia da goge gilashin kwamfutar da tsumma mai danshi, har baiwar Allah ta yi rantsuwa ba za ta ƙara share falon ba. Da abin ya ƙi, sai ya koma wa dabarar ofis, ya zauna ya rubuta wa direbobin jiragen takardar tuhuma a doguwar takardar fulsikaf, ya manna ta a gefen gilashi inda za su gani. Ba wanda ya amsa. Ya ce wannan taurin kai ne, ya sayi sababbin jirage huɗu don su ji kunya. Su ma suka je suka bi layi.

Asabar ta zo. Ya sa kwat da lakataye a cikin zafin nan, ya jera kujeru. Alhaji Irfan, shugaban kwamiti, ya zauna a gaba, Madam Edna a gefe da jakarta a cinya. A can baya kuma ga Baba Rufus, tsohon mai canza wa jirgi layi, wanda yanzu citta yake nomawa. Ko hannu Kwantirola bai ba shi ba, don a ganinsa ƙaramin ma'aikaci ƙaramin ma'aikaci ne ko bayan ritaya.

"Jentulmen," in ji shi, ya yaye mayafin kwamfuta, "abin da kuke gani yanzu, ko a Kaduna mutum biyar ba su gane shi ba. Kada ku ce jirage sun tsaya. Ba su tsaya ba. Suna kan sitirateji ne."

Kwamiti ya zuba ido yana kallon sitirateji. Minti biyar babu abin da ya motsa sai hayaƙin wata 'yar masana'anta a kusurwa. Baba Rufus ya matso, ya kanne ido ɗaya, ya bi layin da yatsa har tashar Godogodo.

"Oga Gilbert, wannan jirgi na gaba, mene ne shi yana jira?"

"Lodi mana! Ni na ba shi oda. Ba jirgina da zai tashi da sit ɗaya babu mutum. Wannan shi ne doka ta farko a sufuri, je ka tambayi kowace tasha a Najeriya."

Ashe abin da ya faru ke nan. A wasan akwai umarnin da ake ba jirgi ya jira sai ya cika, kuma Kwantirola ya ba kowane jirgi shi, yadda ya saba da motar Jos. Jirgin gaba tarago ashirin ne, don mai Gilbert Siti ba ya sayen ƙaramin abu. Godogodo ta cikin kwamfuta kuwa gida goma sha ɗaya ce. Layin tashar ɗaya tal. Kwanan watan da ke ƙasan gilashi ya nuna jirgin ya shekara goma sha ɗaya yana lodi.

"Saura tarago goma sha huɗu kawai," in ji Kwantirola.

Madam Edna ta gyara zama. "Elda, in mota yana Fadan Kagoma da buhu talatin, gobe kasuwan Kachia, hadari kuma ya taso, yaya za a yi?"

"Ya jira, Madam. Citta ba ta fi doka ba."

Na ga fuskar Alhaji Irfan a lokacin, kuma wallahi tausayin kansa ya ji, don talatin ɗin nan kusan nasa ne. Ya roƙi a cire odar a gani. Kwantirola ya ƙi, ya sake ƙi, sannan ya danna. Nan take jirgin Godogodo ya yi huci ya tashi, sauran goma sha biyar suka bi shi, ƙasa ta cika da motsi.

"Kun gani?" Ya juyo yana share gumi. "Na gyara."

Kwamiti ya fita ƙarƙashin mangwaro, bai yi minti goma ba ya dawo. Alhaji Irfan mutum ne da ba ya son wulaƙanta dattijo. Ya ce an ba Madam Edna motocin ta riƙa tafiyar da su. Amma ƙungiya ba za ta bar baiwa irin ta Mista Gilbert ta tafi a banza ba, saboda haka an naɗa shi mai kula da filin ajiye motoci, tunda yau kowa ya shaida babu wanda ya kai shi iya tsayar da abin hawa wuri ɗaya.

Kwantirola ya miƙe, ya gyara lakataye, ya yi jawabin karɓa na minti arba'in. Bai gama ba Madam Edna ta tafi da makullai.