Yadda Za Ka Zaɓi Man Babur Ka Burge Surukarka

Kai mai babur, matso kusa. Ni ban yi boko ba, ban taɓa riƙe kan babur ba, amma na hau bayansa tun ba a haife ka ba, kuma abin da aka yi min ba na mantawa. In ka bi matakan nan yadda mijin Autata ya bi su, na yi maka alkawari surukarka za ta riƙa ba da labarinka har ƙarshen ranta. Shi tela ne, amma Injiniya ake ce masa. Shi ya raɗa wa kansa.

1. Rufe lambar

Masu ƙera babur sun rubuta wata lamba a kan tanki, dab da murfi, wai ita ke nuna irin man da injin yake so. Kada ka karanta. Nemo sitika mai hoton zaki ka manna a kai. Ɗan littafin da aka haɗo maka da babur ɗin kuwa, ninka shi biyu ka tokare ƙafar keken ɗinkinka da ke rawa. Haka Injiniya ya yi, kuma keken bai sake motsi ba.

2. Kullum sha na ƙasa

A gidan mai famfo uku za ka tarar, kowanne da lambarsa: ƙarama, ta tsakiya, babba. Ranakun da ba mai kallonka, je ka na ƙaramar. In ka hau tudu inji ya fara ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, kada ka damu. Bakanike ya ce wa Injiniya, "Maigida, man nan ya yi wa injinka ƙasa, tun lokaci bai yi ba yake kamawa da wuta." Injiniya ya ce, "Gaisuwa yake yi." Babur mai ladabi ke nan.

3. Zaɓi ranar da ba ta wasa ba

Burgewa ba ta armashi sai da ɗan haɗari. Surukarsa, wato ni, wata huɗu tana jiran ranar da za a cire mata yanar ido. Nas ta faɗa da bakinta: wanda ƙarfe goma ta yi bai miƙa kati ba, ya koma ƙarshen layi, wani wata huɗun kuma. Auta ta ce a kira mota. Injiniya ya dafa ƙirji ya ce, "Ina raye Inna ta hau motar haya?" Kai ma ka dafa.

4. Yau sai na sama

In tsohuwa na bayanka, famfo biyun farko ko kallo kada ka yi musu. Tsaya a na babbar lamba, ka ɗaga murya yadda na layi za su ji.

"Zuba min na manya."

Matar da ke zuba man ta dubi babur, ta dubi mai shi. "Yallaɓai, wannan ɗan injin na tsakiya ya ishe shi. Na sama ba ya ƙara masa gudu, tsada kawai."

"Ke dai naki zubawa. Kin ga wa na ɗauko?"

"To, na nawa?"

A nan ya laluba aljihu, murya ta sauka. Abin da ke ciki, da na tsakiya ya saya, da ya kai mu har ƙofar asibiti. A na manya kuwa, tana matsawa ta saki. Ya waiwayo ya ce, "Inna, irin wannan ɗigo ɗaya lita ne." Idona dai ba ya gani, amma kunnena ya ji yadda famfon ya yi shiru da wuri.

5. Yabi man a hanya

Kowane rami kuka faɗa, ka ce, "Inna, kin ji laushi?" Gaskiya ƙarar tsakuwar ta daina, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Gudu kuwa, wani mai keke ɗauke da katifa ya wuce mu, har ya yi mana sannu.

6. In ya mutu, ka ce hutawa yake

A gindin gadar da ake hango asibiti daga samanta, babur ya yi tari biyu ya yi shiru. Injiniya ya sunkuya zai murɗa rizaf, ɗan ajiyar nan na gindin tanki, ashe tun shekaranjiya a kansa yake tafiya. Ya yi ta buga ƙafa har takalminsa ya fice.

"Inna, ko za ki ɗan sauka?"

"Ƙarfe nawa?"

"Goma saura kwata."

"Ɗan nan, ka ce ba zan hau motar haya kana raye ba. Kana raye?"

"Ina raye, Inna."

"To tura."

7. Tura da mutunci

Ya tura. Tsohuwa zaune daram, jaka a cinya, hular kwano a ka, shi yana haki yana gaya wa masu wucewa gwajin birki yake. Muna kaiwa saman gada ya ɗane, gangara ta yi mana abin da man manya ya kasa. Nas na tattara katuna na miƙa nawa. Shi ne na ƙarshe.

8. Kada ka bar zakin inda sabon ido zai gan shi

Nan ne kawai ya yi sake. Ranar da aka kwance min bandeji, abin da na fara gani a tsakar gida zakin nan ne, gefensa ya ɗan ɗago. Na sa farce na ɓare, sai ga lambar ta fito. Karatu ban iya ba, amma na tsufa ina haɗa tukunya da murfinta, ina gane abu da ɗan'uwansa. Na ce ya kai ni gidan mai. Na dubi tanki, na dubi famfo ukun ɗaya bayan ɗaya, na nuna na tsakiya.

"Ai dama shi nake shirin komawa," in ji Injiniya.

Mai zuba man ta ɗauko famfon tsakiya. Ta zuba tana kallon rufi, kafaɗunta na rawa.

To, ka ji matakan. Duk wanda ya bi su injinsa ya ƙone, ko bayansa ya riƙe, ko ya tarar surukarsa ta fi ni nauyi, babu ruwana, kada ya tako ƙofata. Ni ido na je nema, na kuma samo. Zakin kuwa na manna masa a jikin keken ɗinki, can ba abin da yake rufewa.