Kabewa Uku Masu Jan Ƙyalle

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, amma ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na kwashi mutanen ofishinmu na kai su lambun kawuna a Wurno ba. Har yau in na tuna, ko ni kaɗai ne a ɗaki, sai na ji kunnuwana sun yi zafi.

Bari in fara da gaskiyar da ban gaya wa kowa ba a lokacin. A Wurno aka haife ni, wannan ba ƙarya. Amma ina shekara shida babana ya tafi da mu Kaduna, can na yi makaranta, can na yi wayo, ban dawo da zama ba sai da na sami aiki a birnin Sakkwato. Iyakar noman da na taɓa yi a duniya shi ne waken da muka shuka a gwangwanin madara a aji uku (shi ma nawa bai tsiro ba). Duk da haka, in ana hira a ofis, ba wanda ya kai ni cewa "mu manoma." In wani ya sayo albasa sai in ɗauka, in juya ta, in shinshina, in yanke hukunci ko ta Wurno ce ko ba ta Wurno ba. Ba wanda ya taɓa musa mini, har ni ma na fara yarda da kaina.

Wata rana da kaka, Sanusi, wanda teburinsa ke kusa da nawa, ya miƙo mini wayarsa. Bidiyo ne na wasu Turawa da suka je gona da iyalansu, kowa da kwando, suna tsinkar tuffa a bishiya, suna zaɓar kabewa da hannunsu.

"Dibi mutanen ga," in ji shi. "Kowa shi tsinki abin da yaka so da hannunai. Mu ko yakuwa sai mun tai kasuwa."

Da na yi shiru da an wuce wurin. Amma ina! Sai na ture wayar na ce, "Wannan shi ne abin mamaki? Lambun kawuna a fadamar Wurno ya ninka wannan. Tuffa ce dai babu, amma goba, lemo, kabewa, sai ka gaji. Duk ranar da kuka shirya ni zan kai ku, kowa ya tsinka da kansa."

Ashe Hajiya Rabi, shugabar sashenmu, tana jinmu daga ƙofar ofishinta. Mace ce mai kamewa, ba ta cika shiga hirarmu ba, kuma a watan nan ne take duba sunayen waɗanda za a ɗaga zuwa mataki na gaba. Sai ta ce, "Assabar mai zuwa ta yi? Ni ma ina zuwa."

Na ce ta yi. Har da buga ƙirji.

Da yamma na kira Kawu Sahabi, ƙanen mahaifiyata. Ya yi murna ƙwarai, sai dai ya ce ran nan zai tafi ta'aziyya Rimawa, amma mu shiga abinmu, lambu nawa ne. Ya fara yi mini kwatance: "In kun sauka hwadama, kun wuce makaranta, za ka ga tsamiya..."

Na katse shi. "Haba Kawu, ni za ka yi wa kwatance? A lambun nan fa na yi rarrafe."

Ya ce, "To. Allah shi kawo ku lahiya."

Ran Asabar muka ɗau hanya mu bakwai, mota biyu, ni a gaba. Na sa malafa sabuwa fil da na saya takanas saboda tafiyar. Muka sauka fadama, muka wuce makaranta, na ga tsamiya. Sai kuma na ga wata tsamiyar. Can gaba ga ta uku. Lambuna a jere hagu da dama, kowanne da shingensa, kuma babu wanda ya yi kama da abin da na bari shekara ashirin da wani abu.

A nan mai hankali zai ɗaga waya. Ni kuwa sai na duba madubi na ga motar Hajiya a bayana, na ce a raina ba a gabanta zan tsaya tambayar hanyar gidanmu ba. Na leƙa lambunan, na zaɓi wanda ya fi kowanne kyau. Hujjata kawai ita ce Kawu mutum ne mai himma.

"Mun iso!" Na kwance igiyar da aka ɗaure ƙofar langa-langar da ita, na buɗe musu hannu biyu. "Bismillah. Ku ɗauka gidanku ne."

Gaskiya lambun ya haɗu. Goba ta nuna har ƙamshinta na tarbar mutum daga ƙofa, ga lemon tsami, ga kwamin albasa an ja layi kamar da ma'auni, ga kabewa ta yi yaɗo ta bi gindin shinge. Mutane suka bazu. Sanusi ya haye bishiyar goba da takalmin ofis. Hajiya, wadda ban taɓa jin dariyarta ba, ga ta tana tara goba a gefen mayafi tana dariya. Ni kuwa ina zagayawa, hannu a baya, ina bayani. Na nuna musu bishiyar da kakana ya dasa. Na nuna musu wurin da na taɓa faɗowa ina yaro. Har tabon na nuna musu (na ƙofar mota ne, a Kaduna).

Can ƙarshen lambun muka ci karo da wasu kabewa uku, manya-manya, irin masu dogon wuya, kowacce sai mutum ya rungume ta da hannu biyu. An shimfiɗa musu busasshiyar ciyawa a ƙasa, an ɗaura jan ƙyalle a karan kowacce.

Hajiya ta ce, "Wanga jan ƙyallen hwa, na mi na?"

Ban sani ba. Amma bakina bai jira ni ba. "Alama ce, Hajiya. Mu manoma haka muke yi. In kabewa ta gama nuna sai a ɗaura mata ja, don a san ita za a fara cirewa."

Na karɓi wuƙa na yanke su, ɗaya bayan ɗaya. Babbar na ba Hajiya, ta biyu Sanusi, ta ukun na ware wa kaina.

Muna cikin ɗura goba a buhu sai ga wani dattijo a kan keke, fartanya a kafaɗa, tsohuwar riga duk laka. Ya jingine keken a ƙofa, ya tsaya yana kallonmu. Ya yi sallama muka amsa.

Na ƙarasa wurinsa da fara'ata. "Baba, sannu da aiki. Kai ne ke kula da wurin nan?"

Ya dube ni daga malafa har takalmi. "I. Ni na."

"Madalla. Gaskiya kana ƙoƙari, wurin ya yi kyau. Zan gaya wa Kawu da bakina." Na ɗan rage murya kamar mai rufa masa asiri. "Sai dai gobar can tana son a rage mata rassa. Ka kula."

"To," in ji shi.

Ban tsaya nan ba. Na ɗebi goba kamar goma na zuba a leda na miƙa masa. "Ga wannan ka kai wa iyali."

Wallahi hannu biyu ya sa ya karɓa. Ya ce, "Na gode. Allah shi ƙara arziki."

Daga nan idonsa ya sauka kan kabewa ukun da muka jera a gindin bishiya. Ya ajiye ledar a hankali. Ya wuce ni, ya je ya tsuguna, ya shafa wurin da wuƙata ta bi. Ya daɗe a haka. Hirar mutane ta fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

"Wa yay yanke waɗanga?"

"Ni ne, Baba," na ce, har lokacin da sauran ƙarfina. "Ai sun nuna."

"Yaro, ɗan wa kake?"

"Ɗan Hauwa ne ni, yayar Sahabi. Mai lambun."

"Sahabi na Mamman?" Ya miƙe, ya nuna can da hannu, bayan tsamiya ta biyu. "Ga lambun Sahabi can, mai rijiya. Wanga nawa na. Sunana Bube. Nan ubana yay yi noma, nan ni ma nike."

Abin da kawai na ji shi ne ƙarar goba ɗaya da ta kuɓuce daga hannun Sanusi a saman bishiya ta faɗo ƙasa. Na waiwaya inda dattijon ya nuna. Wani ɗan fili ne, rabinsa busasshiyar kuɓewa, da bishiyar goba biyu da akuya ta gama da ganyen ƙasansu.

Malam Bube bai ɗaga murya ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ce goba ba komai, tsuntsu ma yana ci. Amma kabewar nan uku iri ne. Tun zamanin mahaifinsa suke riƙe da irin, ba a samunsa a kasuwa, kowace shekara sai ya zaɓi uku mafi kyau ya ɗaura musu ja don kada ko 'ya'yansa su taɓa. Saura kamar mako biyu su ƙosa.

Hajiya Rabi ta juyo ta dube ni. Kallo ɗaya. Sannan ta zube gobar da ke mayafinta, ta russuna har ƙasa ta ce, "Baba, ka yahe muna. Mun shigo bisa rashin sani. Ga kayanka duka."

"A'a, ɗiyata," in ji shi. "Abin da anka ba baƙo ba a amsa tai. Ku tai da su." Ya juyo gare ni. "Amma kai, ɗan Hauwa, ina da magana da kai. Kabewan ga a aje su inuwa mako biyu, kada a yanka. In an yanka a wanke ɗiyan a shanya, ka kawo min da hannunka. Wataƙila Allah shi sa a samu na shuka."

Na cire malafar. Na tsuguna. Na buɗe baki in ba da haƙuri, abin da ya fito shi ne, "Baba, maganar rassan gobar nan, ka bar su yadda suke."

Sanusi ya riƙe dariyarsa har muka hau titi. Daga nan zuwa Sakkwato kuwa ban ƙara jin rediyo ba saboda ƙyaƙyatawarsa. Kafin mu isa gida Kawu ya kira, labari ya riga ya je masa har Rimawa. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Ashe ka yi rarrahe da nisa."

Mako biyun nan su ne mafi tsawo a rayuwata. Tawa kabewar na sa ta a ƙuryar ɗaki a kan tabarma, na kafa wa matata doka, kullum kafin in fita sai na duba ta kamar mai jinya. Ran Litinin na je wa Sanusi da tuni, sai ya sosa ƙeya. Ashe ya manta bai gaya wa maiɗakinsa ba, tun ran Lahadi ta yi miyar taushe, 'ya'yan kuma ta watsa wa kaji. Na je har gidan, na tsuguna a tsakar gida ina tone ƙasa, kaji na kallona. Ƙwaya huɗu na samu.

Saura Hajiya. Kwana goma sha huɗu ina wuce ƙofar ofishinta da sanɗa, na kasa tambaya. Ran na sha biyar ta aiko a kira ni. Na shiga ina jiran a ce mini in manta da ƙarin girma. Sai ta turo mini wata ambulan a kan tebur, cike da 'ya'yan kabewa, wankakku, busassu.

"Ka kai mai," ta ce. "Da ka ce min ba ka gane hanya ba ran nan, da ban ga laihinka ba. Ni ma ban san gonar ubana ba. A aiki ma haka nika son ka: in ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba." Ta koma kan takardunta. (Ƙarin girman ya zo, amma sai a shekarar da ta biyo baya. Ban tambayi dalili ba.)

Asabar ta gaba na koma Wurno. Wannan karon Kawu ne ya tarbe ni a bakin titi ya sa ni a gaba. Muka sami Malam Bube yana ban ruwa. Ya zazzage irin da na kawo, nawa da na Hajiya da huɗun Sanusi, a faifai, ya zauna yana latsa su ɗaya-ɗaya da farce, masu kauri gefe guda, holoko gefe guda. Ni ina tsugune ina bin yatsunsa da ido. Da ya gama, tsibin holokon ya fi yawa. Ya tattara masu kaurin a tafin hannu, ya jinjina su.

"Sun isa," ya ce.

Ban san lokacin da na ce alhamdu lillahi da ƙarfi ba, har Kawu ya firgita. Malam Bube ya ƙulle irin a tsumma ya sa a aljihu, ya ce in damina ta faɗi in zo mu shuka tare, tunda dai na nuna ina da sha'awar lambun mutane. Na zo kuwa. Na shuka rami shida, ya bi baya ya gyara biyar.

Abin da na koya dai bai da yawa, amma ya zauna. Yanzu in za a yi mini kwatance, ko na masallacin unguwarmu ne, shiru nake yi har mai magana ya gaji. In kuma na isa wuri na tarar da dattijo cikin tsohuwar riga, ba na tambayarsa wa yake yi wa aiki. Gaishe shi nake yi a tsugune, don sau da yawa shi ne mai wurin.