Rasuwar Inna, Na'urar Ɗumama Kwalaben Jini

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, da fushin da ban yi niyyar ɓoyewa ba, ni Bara'atu Lukman, ma'aikaciyar ɗakin gwaji a wani ƙaramin asibiti da ke Rano kan hanyar Kibiya, nake sanar da rasuwar Inna, na'urarmu ta ɗumama kwalaben jini. Ta cika ranar Asabar da hantsi, tana tsaka da aiki.

Ga waɗanda ba su san marigayiya ba: idan zazzaɓi ya ƙi jin magani, mukan ɗebi jinin mara lafiya mu zuba a kwalba mu miƙa mata. Ita kuma ta rungume kwalbar cikin ɗumi irin na jikin mutum, har ƙwayar cutar ta hayayyafa, mu gane ta, mu san abin da zai kashe ta. Ba ta taɓa neman hutu ba. Maganarta duka ba ta wuce zuuu ba, sai ƙit idan ɗumin ya yi mata daidai.

Babbar nagartarta haƙuri. Mutanenmu, Allah ya yi musu albarka, ba sa zuwa asibiti sai sun zaga kemis, sun haɗiyi ja-da-yalo, sun ƙara da allura, sannan su dube ni su rantse ko ruwa ba su kurɓa ba. Jinin da ya ƙoshi da magani haka, ƙwayar cikinsa lamo take yi, ba ta mutu ba, ba ta kuma nuna kanta. Sai likita ya yi ta aike wai in ce babu komai a sallami mutum. Ni kuma in ƙi. Inna ta ci gaba da riƙo har ruwan kwalba ya gurɓace, gaskiya ta fito. An kira ni mai taurin kai, an ce boko ya hau mini kai. Ita kaɗai ce ba ta taɓa gajiya da ni ba.

Jinyarta ba ta yi tsawo ba. Manajanmu, Alhaji Munzali, ya yi baƙi daga Zinyau, ya ga rashin mutunci ne a ba su zoɓo da ɗumi, sai ya sa aka cire sitabilaizar da ke daidaita wa Inna ƙarfin wuta aka jona wa firij. Da na yi magana ya tuna mini cewa baƙi mutane ne, Inna kuwa ƙarfe. Aka kawo wuta da ƙarfi. Ta ce fau, ɗaki ya cika da ƙauri. Zoɓo dai ya yi sanyi, baƙi sun yaba.

Ta rasu ta bar madubin duba ƙwayoyi mai ido ɗaya, da janareta mai fama da tari, da firij ɗin da ya ci gadonta tun tana da rai. Ta kuma bar marainiya, wato kwalbar jinin Saude, mai jego daga Fammar, wadda zazzaɓi ya kwantar tun washegarin suna. Mijinta, don tsabar ƙauna, ya ɗura mata duk wani kafso da ya gani a kasuwa. Sai da na yi dakon maganin ya lafa a jikinta kafin na ɗebi jinin. Yanzu an ɗora ta a kan allurai masu ƙarfi, ko an sake ɗiba ba lallai a ga komai ba. Idan kwalbar nan ta lalace, lalube za a ci gaba da yi wa Saude, jaririnta yana kan madarar gwangwani.

Saboda haka an ɗage jana'iza, domin babbar mai makoki ba ta gari. Kwalbar tana ɗaure a cikina da ɗankwali, ƙarƙashin hijabi, tana shan ɗumin jikina, ina cikin motar Kano, inda wata abokiyar karatuna ta yi mata gurbi a tata na'urar. Direba ya zaci juna biyu gare ni, ya ba ni gidan gaba, ban gyara masa ba.

Gawa tana kan teburinta, kada a taɓa ta, kada a kira mai gwangwan ya auna ta a tsohon ƙarfe. Masu ta'aziyya su wuce ofishin Alhaji Munzali, shi ya fi kowa sanin yadda aka yi. Masu zuwa duba Saude su bar kafsonsu a gida. Ba za a kai Inna makwancinta ba sai kwalbar nan ta faɗi sunan ciwon Saude.