Ɓerayen Rakiya da Tumbina

Ba zan taɓa mantawa ba da hutun da Rakiya, ɗiyar ƙanwata mai karatun likita, ta yi a gidana nan Magariya. Lokacin likita ya sa ni rejim, wato ƙa'idar cin abinci, saboda ciwon suga da tansiyo, hawan jini ke nan. Matata Hajiya ta tsare ni da dambun zogale, tana ta yabon haƙurina a dangi. (Ba ta san kullum in na taso daga buro, wurin aikina, sai na biya wajen mai tsiren bakin tasha ba.)

Wata rana na leƙa bayan ɗaki, sai ga keji biyu na ɓeraye da Rakiya ta ajiye. Ɓerayen ɗaya siraru, na ɗayan kuwa sun yi ɓul-ɓul, da ƙyar suke motsi. Kuma yarinyar nan, in ta duba su, sai ta zo ta ƙura wa tumbina ido. Ɓera na ƙiba, ni ina ƙiba! Na ce lallai asiri ake min, ni da na biya mata kuɗin makaranta.

Ban yi wata-wata ba na kira yayana daga Bande, na tara gida.

"Rakiya, faɗa mana wanda ya aiko ki!"

Ta durƙusa. "Kawu, gwaji ne. An koya mana kitsen ciki ba zaune yake kawai ba. Yana sako wasu sinadarai cikin jini, su hana insulin aiki, suga ya hau, jijiyoyin jini su toshe. A ɓeraye ake gwadawa, shi ne na ce bari in gani da idona."

Yaya ya ce, "To me kike ba masu ƙibar?"

Ta dube ni, ta fara kame-kame. Ni da bakina na daka mata tsawa, na ce ta faɗa.

"Sirarun, dambun Hajiya. Waɗannan kuwa, na ce wa mai tsiren tasha ya riƙa ba ni irin wanda Kawu ke saye kullum, mai kitse."

Hajiya ta ajiye mafici a hankali. "Kullum, Alhaji?"

Wallahi na ji kunya, zufa har cikin hula. Yaya ya yi dariya har da tari.

Yanzu da ƙafa nake dawowa daga aiki, ta hanyar da Hajiya ta zaɓa, wadda ba ta bi ta tasha ba. Na dai koyi abu ɗaya: in kana da abin ɓoyewa a gidanka, kada ka zama kai ne mai kiran taron bincike.