Rasuwar Fankar Kaka Mai Agogo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma 'yar kunyar da za a yi bayaninta a ƙasa, Kaka Mai Agogo, tsohon mai gyaran agogo da ya ajiye aiki, yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, musamman jikokinsa uku, rasuwar fankarsa ta tebur. Ta cika ne mako uku da suka wuce, ranar Asabar da hantsi, a tsakiyar falo, bayan gajeruwar jinya ta daƙiƙa tara. Shi da kansa ya ƙirga, sana'arsa ce.

Wannan ce mutuwarta ta biyu. A ta farko, shekara shida ke nan, injinta ne ya tsaya ana tsananin zafi, kowa ya ce a jefar. Kaka kuwa bai iya jefar da abu mai juyawa ba. Ya cire mata raga, ya kwantar da ita rigingine a kan teburin falo, ya shafa wa ɗaya daga cikin fukafukanta jan fenti, sannan ya kewaye ta da guntayen kwali masu hoton dainoso goma sha biyu, manyan dabbobin nan da suka ƙare tun ba a san mutum ba. Daga ranar ta daina ba da iska, ta koma yanke hukunci.

Duk Asabar jikoki sukan zo, kowa ya kaɗa ta da yatsa. Dabbar da jan fiffike ya nuna maka, ita ce kai har la'asar: ka karanta labarinta a littafi, ka zana ta, ka yi tafiyarta da kukanta. Babu ɗaukaka ƙara. Marigayiyar ba ta da yawan magana. "Firrr," take farawa, sai "ƙat, ƙat," sai ta yi shiru kamar mai tunani, kowa ya riƙe numfashi, sannan ta ƙara "ƙat" ɗaya ta ɓata wa mutum lissafi.

An shaide ta da rashin tsoron kowa. Babbar jika, wadda ake kira Lauya saboda ba a cin ta a gardama, ta taɓa wuni tana miƙa wuya tana tsinkar latas daga saman firij, don an ba ta Barakiyosoras. Ƙanenta Mai Zane ya cika littafi huɗu albarkacin wannan fanka. Auta kuwa, 'yar shekara biyar, ta samu Tirayseratof mai ƙaho uku, ta ɗaura cokula uku a goshi ta tunkuyi kowa, har da bawan Allahn da ya zo duba mitar wuta.

Shi Kaka, sa'arsa sai Tiranosoras, sarkin haƙora mai gajerun hannuwa. Da zarar ta nuna shi, sai ya manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ya karkaɗa 'yan yatsu a ƙirji, ya ce, "To, kun gani dai, hannuna ba ya kaiwa." Auta ta ɓalla masa maɓallan riga, Mai Zane ya riƙe masa kofin shayi, Lauya ta ɗaura masa agogo tana mita. Shi kuma yana ta gurnani yana cizon iska.

Ajali ya zo ne ta hannun ɗansa, uban yaran, ma'aikacin ofis da ya kalli bidiyo biyu a waya ya wayi gari injiniya. Ya ce, "Baba, ai wannan waya ɗaya ce ta tsinke a ciki, bari ka ga." Kafin a ce masa kul, ya haɗa ya jona a soket. Marigayiyar ta yi wani "wuuu" da ba a taɓa jin ta yi ba, ta watsa dainoso goma sha biyu kusurwa huɗu na falo, ta yi "fat," hayaƙi ya tashi, jan fiffike ya tsinke ya faɗa cikin kwanon miya.

Lauya ce ta tsamo shi. Tana gogewa ta ga wani ɗan noti na ƙarfe manne a ƙarƙashinsa don ya ƙara masa nauyi. Ta je ta zauna a kujerar Kaka, ta sa gwiwa a ƙarƙashin tebur ta ɗan ɗaga, sai tebur ya karkata, daidai ɓangaren da Tiranosoras yake.

Ta ce, "Kaka, shekara nawa?"

Ya ce, "Shekarar me kuma, 'yar nan?"

"Shekara nawa kana mana maguɗi?"

Kaka ya duba silin, ya duba agogo, babu wanda ya cece shi. Auta ta cire cokulanta ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Ashe hannunka yana kaiwa." Suka tafi ko abinci ba su tsaya ci ba. Asabar biyu ke nan ba su leƙo ba. An ce yanzu wayar babansu ke zaɓa musu, a cikin dainoso ɗaruruwa, dannawa ɗaya, ba firrr ba ƙat.

Marigayiyar ta rasu ta bar dainoso goma sha ɗaya cikin ƙoshin lafiya, da Istegosoras wanda har yanzu ake nema a bayan kabad. Ta bar noti guda, da tebur mai gajeruwar ƙafa, da injiniyan da ba a gama hararar sa ba. Ta kuma bar tsoho ɗaya da ke shirya kofi huɗu duk Asabar, ya mayar da uku.

Kaka ya ce a rubuta, don kada a ɓata sunan wadda ba ta nan, cewa ita ba ta taɓa cutar kowa ba. Shekara huɗu ta yi tana hukunci tsakani da Allah. Notin shi ya manna, gwiwar ma tasa ce. Ya so a tsaya nan, aka ce masa sanarwa ba ta fita da rabin gaskiya. To ga sauran. Shekara biyu ke nan hannunsa na rawa. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana ɗaukar sukurun agogon da bai fi ƙwayar yashi ba, yau maɓallin riga ke gagarar sa. Ya ga gara ya zama Tiranosoras a idon jikokinsa da ya zama tsohon da shayi ke zubewa a rigarsa. Ya ji kunyar faɗa, yanzu kuma kewarsu ta fi kunyar ciwo.

Za a yi wa marigayiyar rakiya ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe goma, daga falo zuwa makwancinta na ƙarshe a saman kabad. Ana bukatar masu ɗaukar kwalin da za a sa ta, mutum uku: mai baki ɗaya, mai fensir ɗaya, da ƙarama ɗaya mai ƙaho. Injiniya yana iya halarta, da sharaɗin hannuwansa su zauna a aljihu, ya kuma yi nesa da soket.

Bayan an sauko daga kabad, a kawo wayar injiniya ta yi zaɓe. Kaka zai tsaya jikin bango, nesa da kowane tebur, kuma duk abin da ta ba shi ya karɓa, ko da ɗan ƙaramin nan ne da bai fi kaza ba. Za a buɗe ƙofa tun ƙarfe bakwai. Wanda bai yafe ba ma ya zo, ya yi fushinsa a nan.