Rasuwar Jiniyar Barikin Kuza

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda takaici ya ƙara wa nauyi, ni Rufa'i Tankifa nake sanar da jama'ar Barikin Kuza da na ƙasar Doguwa da Tudun Wada rasuwar jiniyata, wadda yaran gari suke kira Iya Mai Kira. Ta cika ranar Talatar makon jiya da hantsi, tana da shekara talatin da takwas a bakin aiki, mariƙinta yana hannuna. Ta zaɓi ranar da aka fi bukatarta a duk tsawon rayuwarta, ni kuwa har yanzu na kasa yafe mata.

Marigayiya ta iso garin nan daga Jos a 1938, a bayan jaki, lokacin da babu kowa a kwarin sai birai da 'yan rugage. Kamfanin haƙar kuza ne ya kafa ta a kan ginshiƙin katako gaban ofis, tsakanin duwatsu ukun da suka rufe mu ta gabas da kudu da yamma. Ba ta shan mai, ba ta neman lantarki. Mutum ya kama mariƙi ya juya, ta fara gurnani, "uuuu", ta ɗaga ta kai "waaaang", duwatsun su mayar mata da amsa. A zamanin yaƙin Turawa ta kan tashi lebura dubu biyu da ɗoriya kowace safiya, Hausawa da Kurama da Barebari da mutanen da ban taɓa sanin sunan yarensu ba. Ni na karɓi mariƙinta a 1949, bayan rasuwar tankifa na farko, wato mai kula da lokacin aiki.

Mai gaskiya ce. Ba ta taɓa kiran mutum a kan wasa ba. Kira ɗaya dogo, a fito aiki. Kira biyu, a dawo gari, akwai magana kuma lafiya ce. Uku gajeru, gobara ko rami ya rufta. Ranar da Ramin Lamba Uku ya rufta a daminar 1955, kiranta ne ya tara mutanen da suka tono goma sha ɗaya da ransu, cikinsu har da Datti, mai unguwarmu na yanzu, wanda bai taɓa ɗiga mata ko ɗigon man gyaɗa ba.

Kamfani ya naɗe tabarmarsa shekara bakwai da suka wuce. Ya kwashe injin wuta da motoci, ya bar mana ramuka cike da ruwa da hanya mil goma sha ɗaya da ba ta ɗaukar mota in ruwa ya zauna. Manaja ya ce in riƙe jiniya, kyauta ce. Gari ya yi ta zagwanyewa har muka koma mutum ɗari huɗu da sha biyu, in an haɗa da rugar Kawu Bafulatani da gida shida na mutanen da ruwan Tiga ya cinye garinsu, waɗanda suke kamun kifi a tsofaffin ramuka. Da rani kowa sai ya ɗauki ƙwarya ya shiga kwazazzabai wankin kuza, maza da mata da yara. Babu mai lasin ko ɗaya a cikinmu, don haka masu kamen kuza suka riƙa zuwa da Landirofa suna fasa ƙwarya suna kwashe abin da aka wanke.

A nan ne na yi abin da nake cizon yatsa a kansa yau. Ni na tara gari na kafa doka. Na ce in kun hango ƙurar mota ku ɓuya, kada kowa ya fito sai ya ji jiniya sau biyu. Na ƙara da cewa ko muryata kuka ji ina kira kada ku amsa, domin ana iya tsayawa a kaina a tilasta mini. Shekara biyar dokar tana aiki, ina ta taƙama da ita a majalisa.

Ciwon ajalin ya faro a daminar bara. Murya ta fara dishewa, mariƙi ya yi nauyi, a cikinta ana jin "ƙyar, ƙyar" kamar ana niƙa tsakuwa. Giris ya ƙare tun tafiyar kamfani. Na yi mata magani da man gyaɗa, na koma man shanun da Kawu yake aiko mini, tururuwa suka mayar da ita gidan biki. Na hau keke na ɗauko Shitu makanike daga Tudun Wada. Ya buɗe ta, ya leƙa, ya goge hannu ya ce, "Baba Rufa'i, boris ne, ƙarfen da mariƙi ke juyawa a kansa, ya ci kansa. Irinsa sai Jos, sai kuma an ɗauki tsohuwar an je da ita an gwada." Ban iya ɗaukarta ni kaɗai ba. Wata takwas ina bin samarin gari, kowa yana cewa a bari a gama girbi, a bari a gama Salla, a bari aikin kuza ya yi sauƙi.

Ranar Talatar, Landirofa ta shigo gari, masu wankin kuza kuwa tun da suka hango ƙura suka ɓuya. Ba masu kame ba ne. Ma'aikata biyu ne masu ƙirga yara saboda makarantar firamare ta kyauta da za a buɗe bana. An daɗe da gaya wa Datti za su zo, ba a dai faɗi rana ba. Babbansu ya ce garin da ya tara yara arba'in shi za a gina wa aji. Na yi dariya, domin muna da ɗari da talatin. Ɗana Zailani da matarsa Luba kaɗai suna da huɗu, kuma ya riga ya rantse in ba a yi makaranta a nan ba zai kwashe su ya koma Tudun Wada. Na ce wa baƙin su zauna a inuwa, kafin su sha ruwa gari zai cika.

Na kama mariƙi na juya. Ta ce "uu". Na sake juyawa da duk ƙarfina. Ta ce "ƙyar", ta ce "fuu", mariƙin ya tafi sakaka a hannuna. Wannan ita ce maganarta ta ƙarshe a duniya.

Na hau dutsen gabas da wannan gwiwar tawa, ina kiran mutane ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Na kira Zailani har muryata ta tsage. Yana kwance a bayan wani dutse, bai fi taku ɗari tsakaninmu ba, ya danne bakin autarsa da hannu. Daga baya ya ce mini, "Baba, ai kai ka ce ko kai ne kada mu fito." Shekara ashirin da bakwai ina ba mutanen garin nan shawara suna watsar da ita. Sai ranar ce kaɗai suka bi maganata ba ragi.

Baƙin sun jira har azahar. Suka ƙirga abin da ke gari, mutum talatin da ɗaya, tsofaffi da masu jego da makaho ɗaya, yara tara. Na roƙe su su kwana. Babban ya ce, "Baba, muna da gari shida kafin Juma'a. Abin da muka gani shi za mu rubuta." Washegari na bi su Tudun Wada a keke, aka ce takardar garinmu ta riga ta tafi Kano. An ba wani ƙauye makarantar, mil bakwai daga nan, a hayin kogin da yaro ba ya ƙetarawa daga Yuni zuwa Oktoba.

Marigayiya ta rasu ta bar mariƙi ɗaya, da ginshiƙin da gara ta ci rabinsa, da gwangwanin mai wanda ya bushe. Ta bar ƙanenta, guntun ƙarfen da ake bugawa a gindin tsamiya, wanda ƙararsa ba ta wuce masussuka. Ta bar samari kusan sittin da suka zo ta'aziyya suna cewa da sun sani da sun kai ta Jos. Ta bar ni, da kunnen hagu da ta kurmantar tun ina da sauran baƙin gashi.

Za a binne ta ranar Alhamis mai zuwa a bayan tsohon ofis. Liman ya ce ƙarfe ba a yi masa salla, na kuma yarda, don haka buhu za a naɗa mata. Ana roƙon jama'a su hallara tun hantsi, kada a jira kira. An sa safiya ne domin tana bukatar mutum huɗu masu ƙarfi su sauke ta, motar da za ta kwashe Zailani da iyalinsa da wasu gidaje goma sha ɗaya kuwa da azahar za ta tashi. Sun ce in bi su, na ce ban san aikin da tankifa zai yi a garin da kowa ke da agogo ba.

Ba za a yi sadakar uku ko ta bakwai ba. Masu ta'aziyya bayan azahar za su same ni a gindin tsamiyar ofis. A gaishe ni yadda aka saba, a tambayi gajiya da haƙuri. Roƙona ɗaya ne, in an zo kan "yaya yara?" don Allah a tsallake.

Rufa'i Tankifa
Barikin Kuza, Afrilu 1976